Yadda Mai Hoto Ya Kashe Alhaji da Yatsa Ɗaya

Wani mai hoto ne a Gidan Amumune. Kada ku tambaye ni sunansa. Yana da dangi a Tasawa, kuma wasu daga cikinsu ƙarti ne.

Shekara goma sha biyar yana ɗaukar hoto a wani ɗan shago bakin kasuwa. Kayan aikinsa kyamara ɗaya, kujerar roba ɗaya, furen roba, da wani labule da aka zana gidan bene da jirgin sama a jikinsa. Duk wanda ya yi aure a garin a gaban benen nan ya tsaya. Mutumin da ko kaza bai ajiye ba, sai ka gan shi a hoto ya dafa jirgi kamar gadonsa ya ci.

Yana kuma da wata ɗabi'a. Kowa ya zauna a kujerar nan, sai ya ce masa, "Ɗaga kai kaɗan. Dubi sama. Kar ka yi dariya." A ganinsa dariya tana rage wa mutum daraja. Shi ya sa duk gidan da ka shiga a garin za ka ga hoton maigida yana kallon sama fuska a murtuke, kamar manomin da ruwa ya yi wa jinkiri.

Sai zamani ya juya masa baya. Kowa ya sayi portabul, wato wayar hannu, mai hoto. Ɗan kabu-kabu yana ɗaukar kansa a kan moto. Mai ƙosai tana ɗaukar kanta da ƙosanta. Shagon mutumin ya koma wurin hutawar ƙuda. Wani lokaci akuya takan leƙo, ta shinshina furen roba, ta gane ba na ci ba ne, ta wuce abinta.

Shagon kuwa ba nasa ba ne. Na yayansa ne, Isiyaku, mai sayen wake yana tarawa. Isiyaku mutum ne da bai yarda da duk sana'ar da ba a zubawa a buhu ba. Ko wayar da ke aljihunsa don jin farashin wake ya saye ta.

Wata safiya Isiyaku ya zo ya tsaya a ƙofa. Ya dubi wannan bango, ya dubi wancan. Ba ƙanensa yake kallo ba, awon inda buhu zai zauna yake yi da ido.

"Ina mutane?"

"Yau ba kasuwa ba ce, Yaya."

"Jiya kasuwa ce. Na biyo ta nan, kai da akuya na iske."

"Zamani ne, Yaya."

"Wakena shina waje rana na dukan shi, kai kana ciki kana gadin jirgin sama. Na ba ka daga yau zuwa Sallar layya. In ban ga mutane ƙohwar ga ba, wake shi shigo, kai ka hita."

Mutumin bai iya noma ba, bai iya ciniki ba. In aka fitar da shi daga ɗakin nan sai dai ya koma ɗaukar wa Isiyaku buhu, shi da ko kyamara ya rataya ya daɗe sai ya ce wuyansa na ciwo. Ya ji tsoro, tsoro na gaske.

Washegari ya kwance ragon layyar da matarsa Hafsatu ta yi wata biyar tana ba dusa. Ta fito daga madafa da muciya a hannu.

"Ina za ka da ragona?"

"Tasawa. Za ni maishe shi zamani."

"To ran Salla zamanin za mu soya?"

Rago ya tafi Tasawa, bai dawo ba.

A Tasawa ya faɗa hannun wani mai sayar da waya kusa da tasha, sunansa Maman Sani. Shi wannan ya ɗan taɓa lekol, wato makarantar boko, saboda haka ba ya iya gaisuwa sai ya yayyafa mata Faransanci. Ya saurari kukan mai hoto har ƙarshe, sannan ya ɗauko wata waya mai faɗi kamar faranti, ba maɓalli ko ɗaya a fuskarta.

"Bon. Matsalarka guda ce, ba ka da talla. Da can mai talla tire take azawa bisa kai ta bi gari. Yanzu tire ya koma nan ciki."

Ya kwashe masa duk lambobin tsohuwar wayarsa ya zuba a sabuwar. Ya sa shi a gurup-gurup na watsap: na 'yan garinsu mazauna Agadas, na mazauna Libiya, na Legas, na Abijan, har da na dillalan shanu. Da ya lura mutumin bai san ko harafi ɗaya na boko ba, sai ya kama yatsansa ya koya masa da wuri-wuri, kamar yadda ake nuna wa baƙo hanyar masallaci.

"Ka taɓa nan, ka zaɓi hoto. Ka taɓa nan, ka zaɓi kala. Ka taɓa nan, ka aza sauti. Sannan ka danna koren ga. Wala, ya hau sitati, ya shiga gurup duka, duniya ta gani."

Ya sa shi ya maimaita har yatsan ya haddace. Da zai tafi ya ƙara masa da nasiha.

"Ka riƙe wanga. Yanzu abin da mutane sunka gani cikin waya shi ne gaskiya. In ba ka cikin waya, ba ka duniya."

Abu ɗaya Maman Sani ya manta bai koya masa ba: yadda ake amsa kira.

Mutumin ya dawo gari yana tafiya kamar wanda ya sauka daga jirgin labulensa. Bai ko shiga gida ba, ya wuce wurin Isiyaku, ya same shi yana ɗinke bakin buhu.

"Yaya, ka bar zancen ƙohwar shago, tsohon yayi ne. Yanzu abin da anka gani cikin waya shi ne gaskiya."

Isiyaku ya ciji zare ya tofar.

"Wa ya hwaɗi?"

"Masana, can Tasawa."

"To. Na ji, na riƙe."

Da safe ya zauna zaɓen hoton da zai fara talla da shi. Ya baje aikin shekara goma sha biyar a tabarma. Wanda ya fi kowanne kyau shi ne na Alhaji Ɗanbaba, babban dillalin shanun garin. Babbar riga ta sha aiki, carbi a hannu, kai a ɗage, ido a sama, ba alamar dariya. Ya ɗauki hoton hoton da sabuwar waya.

Ya taɓa wurin kala. Ya gwada wata, Alhaji ya koma ja kamar manja. Ya gwada wata, ya koma kore. Da ya kai kan baƙi da fari sai ya tsaya. Wannan ita ce ta manya, irin hotunan da ake ratayewa a biro, wato ofis.

Ya taɓa wurin sauti. Maman Sani ya cika masa waya da waƙoƙin biki. Ya ce a ransa, Alhaji guda da kiɗan 'yan mata? Ai sai ya aiko a karya masa kyamara. Ya yi ta nema har ya sami wa'azin wani malami mai sanyin murya, yana cewa duniya masauki ce, kowa baƙo ne, kowa zai koma gida. Ya ce wannan ya dace da girman Alhaji. Rubutu kuwa bai sa ba, tunda ba shi da shi.

To ku kun sani. A ƙasar nan hoton budurwa da kiɗa, aure ne. Hoton jinjiri, suna ne. Amma hoton dattijo shi kaɗai, ba kala, ba rubutu, ga wa'azi yana tashi a ƙarƙashi, wannan ba ya buƙatar tafinta. Tsohuwar da ba ta taɓa riƙe waya ba ta san shi. Mutum ɗaya ne a duk faɗin ƙasar Mayahi bai sani ba, kuma shi ne ya danna koren.

Ko shayi bai gama kurɓa ba waya ta fara ruri. Ya danna, ba ta ɗauku ba. Ya danna da babban yatsa. Ya danna da farce. Ya hura mata iska, ya goga ta a riga. Ita wayar so take a ja yatsa a kanta, shi kuwa maɓalli ya sani. Kira ya katse, wani ya shigo. Daga Agadas, daga Legas, daga Libiya. Hafsatu ta leƙo.

"Wayarka za ta hwashe."

"Masu son hoto ne. Kin ga aikin zamani?"

"To ka ɗauka mana."

"Babban mai sana'a ba ya ɗaukar kiran hwarko."

"Wanga na talatin ne."

Ya tura wayar a aljihu tana ta kuka. Ya tafi shago ya share, ya yayyafa ruwa, ya wanke furen roba da sabulu, ya zauna jiran jama'a.

Shi kuwa Alhaji Ɗanbaba tun asuba ya shiga daji bayan El Alasan Mairairai duba wasu shanu, wurin da rezo, wato sabis ɗin waya, bai taɓa zuwa ko ziyara ba. Iyalinsa suka kira shi, waya ba ta shiga. Ga hoto, ga wa'azi, ga waya a rufe. Shaidu uku ke nan, ko gaban alƙali sun isa.

Kafin azahar labari ya yi kaya. Wani ya ce sa ne ya soke shi. Wani ya ce daga moto ya faɗo. Wata mata ta rantse tun shekaranjiya ta yi mafarkin haƙorinta ya fita. Aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, aka kafa rumfa, aka aro kujeru. Mutane suka yi ta sauka daga Mayahi, daga Tasawa, har daga Hawandawaki. Wanda ya tambayi gawa sai a ce masa tana hanya.

Da la'asar sai ga Alhaji a bayan wani ɗan kabu-kabun ƙauye, ya naɗe fuska da rawani saboda rana, ido kawai ake gani. Ya hangi taro a ƙofar gidansa, gabansa ya faɗi. Ya sauka can nesa, ya lallaɓa ya zauna a gefen tabarma kusa da wani baƙo.

"Bawan Allah, wa ya rasu?"

"Alhaji Ɗanbaba."

Alhaji ya taɓa ƙirjinsa ta ƙarƙashin riga, ya ji abin yana bugawa.

"Yaushe?"

"Da sahe. Sa ya soke shi."

"Allahu akbar. Mutumin kirki ne?"

Baƙon ya duba dama, ya duba hagu.

"To, an ce a hwaɗi alherin mamaci. Shi ya sa ka ga kowa ya yi shiru."

Alhaji ya haɗiye wannan. Ya gyara rawani ya ƙara zama, don ya ga ƙarshen abin. Can gaba ya hangi ƙanensa Jibo a kan kujerarsa, sanye da takalminsa na zuwa Juma'a, yana karɓar gaisuwa da murya mai rawa.

Sai aka miƙo wa Jibo waya, aka buɗe murya kowa ya ji. Nasiru ne, babban ɗan Alhaji, wanda ya tafi Libiya shekara uku ko gaisuwar Salla bai taɓa aikowa ba. Kuka yake kamar yaron goye.

"Baba ya tahi ban roƙe shi gahwara ba. Wayyo Babana. Da na sani da na kira."

Wannan ya taɓa Alhaji. Hawaye ya jiƙa masa rawani. Ya ji wani daɗi da bai ji irinsa ba tun ranar da ya dawo daga Makka. Har ya fara tunanin ya ƙara kwana ɗaya a mace.

Jibo ne ya ɓata. Ya miƙe ya share ido, ya yi gyaran murya.

"Jama'a, ku shaida. Marigayi ya bar wasiyya. Ya ce jan bijimin nan mai hwarin goshi, nawa ne."

Alhaji ya miƙe ya warware rawani.

"Jibo, ƙarya kake. Ban ce ba."

Abin da ya biyo baya sai wanda ya gani. Rumfa ta kife. Takalma suka rasa masu su. Wani tsoho da mutum biyu suka sauko da shi daga moto suna tallafe da shi, shi ya riga kowa kaiwa bakin kasuwa. Baƙon nan mai zancen alherin mamaci har yau ba a sake ganinsa a garin ba. Jibo kaɗai ya rage.

"Amma Yaya, cikin waya munka gani."

"Hid da takalmina."

Da aka bi sawun hoto aka gane inda ya fito, Alhaji ya ɗauki sandar kiwo ya nufi bakin kasuwa. Waɗanda suka gudu suka dawo suka bi bayansa, don ba a barin irin wannan kallo. Mai hoto ya hango su tafe, gari guda, Alhaji a gaba. Ya yi tsalle ya gyara kujera.

"Sannunku da zuwa. Layi za ku yi, ɗaya bayan ɗaya. Alhaji, ka ga tallarka?"

Sanda ta farko a kafaɗa ta sauka. Ta biyu ta sami gidan bene, domin mutumin ya riga ya shige bayan labule. Daga can ciki aka yi masa bayanin abin da ya aikata. Ya yi ta rantsuwa shi talla ya yi. Alhaji ya gaji, ya zauna a kujerar roba yana haki. Can ya ce, "Hito."

"Ka aje sandar tukuna, Alhaji."

"Hito na ce. An ce mini wayar ga tana nuna duk wanda ya ga hoton."

Wani mushen lekol, wato malamin makaranta, da ke cikin 'yan kallo ya karɓi wayar ya taɓa wani wuri. Sai ga ƙananan fuskoki sun jeru, kowa da lokacin da ya gani. Alhaji ya matso da ita kusa da hanci.

"Wanga ya zo. Wanga ma na gane shi bisa tabarma. Wanga shina Abijan, shina da uzuri. Tsaya. Koma baya. Gambo ne wanga?"

"Shi ne, Alhaji. Tun hantsi ya gani."

"Tun hantsi. Gidanshi ga shi ga nawa. Ni da na tahi ta'aziyyar uwarshi har Hawandawaki cikin ruwa, moto ta kahe sau biyu. Ci gaba."

Haka suka yi ta bi, fuska bayan fuska, har aka kira magariba. Alhaji ya tashi da sunan mutum tara a ransa waɗanda ba zai ƙara yi wa sallama ba. A bakin ƙofa ya waiwayo.

"Hoton dai ya yi kyau. Ka wanke mini babba."

Mutumin ya kwana yana gasa kafaɗa, ya tabbata sana'a ta ƙare. Bai san zancen da ya zaga gari ba na sanda ba ne. Zancen Nasiru ne, da ya kira daga Libiya yana kuka.

Da hantsi sai ga wata tsohuwa, Tanna, ta dogaro sanda ta shigo shago.

"Kai ne mai kashe mutane?"

"Mai hoto dai, Inna."

"Duk ɗaya. Ɗana shina wurin zinariya bayan Agadas. Shekara huɗu ko sallama. Kashe ni."

Ta zauna a kujera, ta ɗaga kai, ta dubi sama, ba wanda ya ce ta yi. Ya taɓa nan, ya taɓa nan, ya taɓa nan, ya danna kore. Kafin azahar ɗan ya kira maƙwabta. Kwana uku sai ga shi a gari, ƙura har gira, ya tarar da marigayiya tana tsinke zogale a tsakar gida.

Shi ke nan, kasuwa ta buɗe. Duk tsohon da 'ya'yansa suka manta da shi ya taso. Duk wanda ke son ya san matsayinsa a wurin surukai ya taso. Layi tun daga ƙofar shago har rumfar masu nama. Mutumin ya koma tambaya ɗaya.

"Mai kala ko marar kala?"

"Mi za ni yi da kala, ɗan nan? Kala ta taɓa kiran wani?"

Wani ya ce a ajiye tasa sai ranar kasuwa, an fi samun jama'a. Wani ya dawo karo na biyu, wai ta farko ta haɗu da ɗaurin aure, an raba masa mutane. Wani ya ce a bar shi a mace har kwana uku, yana son ya ga wanda zai kawo abincin sadaka. Isiyaku ya biyo ta wurin, ya tsaya yana kallon layi.

"Yaya, ka gani da idonka?"

"Na ga matattu. Salla dai ba ta zo ba tukuna."

Ana cikin haka ruwan shuka ya sauka. Ku kun san ranar shuka ba ta jiran kowa. Amma mutum yana tsakiyar gona da iri a ƙwarya sai waya ta yi ƙara, ga hoton kawunsa ba kala. Ya ya zai yi? In ya ƙi zuwa, fuskarsa tana cikin waɗanda suka gani. In ya je, ya tarar da kawu yana shan fura. Cikin mako ɗaya mutum goma sha ɗaya suka mutu a Gidan Amumune, ba a rufe ko ɗaya ba. Masu haƙa kabari suka haƙa biyu a banza, suka yi fushi. 'Yan kabu-kabu ne kawai ke sa wa mai hoto albarka.

Maigari ya aika a kira shi. Ya zo ya durƙusa, waya na ruri a aljihu.

"Kashe abin ga."

"Ranka shi daɗe, ban san wurin kashewa ba."

"Ka san wurin kashe mutane dai. Tun da nike ban taɓa ganin annobar da ba ta kai kowa kushewa ba sai taka. Rabin gonakin gari ba a shuka ba. Ni kaina sau ukku ina aza rawani in tahi gaisuwa, mamacin shi ka taso shi ba ni tabarma."

"Talla ce, ranka shi daɗe."

"To ta ƙare. Daga yau kar ka ƙara sa hoton kowa. Kuma ka sa taka huskar cikin wayar, ka hwaɗa ma duniya da bakinka duk ƙarya ce. Kowa shi ga mai yin ta."

Kafin ya kai gida layi ya watse. Tsofaffi suka ji tsoron maigari. Matasa kuwa dama sun fara kauce masa. Wata amarya da aka ce ta je ta ɗauki hoto ta ce ita ba ta gaji da duniya ba. Shago ya koma hannun ƙuda, Salla saura kwana uku.

Da safe ya zauna cika umarnin maigari. Ya juya waya ta kalle shi. Shekara goma sha biyar yana faɗa wa mutane, yau ya faɗa wa kansa: ya ɗaga kai kaɗan, ya dubi sama, bai yi dariya ba. Yatsa kuwa hanya ɗaya ya sani. Ya taɓa nan, ya taɓa nan, ya taɓa nan, ya danna kore. Ya kai wa Hafsatu ta gani.

"Na yi abin da maigari ya ce."

Ta karɓa. Ga mijinta ba kala, ido a sama. Ga malam yana cewa duniya masauki ce.

"Ina maganar da anka ce ka yi?"

"Wace?"

"Malam, ka kashe kanka. In shiga takaba ko in gama dama kunu?"

Ya fizge wayar. Ya danna, ya goga, ya hura mata iska. Hoto ya riga ya kai Abijan. Ya zauna dafe da kai. Can sai ya ɗago, ido na ƙyalli, irin ƙyallin da ya yi ranar da ya kwance rago.

"Tsaya. Ran da Alhaji ya mutu, mutum nawa sunka zo?"

"Gari duka, da baƙi."

"Yaya cewa ya yi in ya ga mutane ƙohwar shago. Bai ce mutane masu son hoto ba. Mutane ya ce. Kwashi tabarmi, ki aro na maƙwabta, ki shimhiɗa ƙohwar shago. Ni ina bayan labule da kyamara. In wuri ya cika, Yaya ya zo ya gani, sai in hito."

"Da sandar da za ka sha?"

"In sha. Ɗaki dai ya tsira. Kuma ki yi kuka sosai."

"In na tuna ragona zai zo da kanshi."

Aka shimfiɗa tabarmi goma sha biyu. Hafsatu ta zauna a gefe ta ja mayafi. Shi ya shige bayan labule, ya sami wata 'yar huda daidai tagar jirgin sama, ya liƙa ido.

Hantsi ya yi, ba kowa. Wayar da ta yi mako biyu ba ta rufe baki ba, yau ko tari ba ta yi. Ya taɓa wurin da mushe ya nuna, fuskoki suka jeru ba iyaka. Ga Alhaji Ɗanbaba, ya gani. Ga ɗan Tanna, ya gani. Ga maigari, ga Maman Sani na Tasawa, ga Gambo, ga Jibo. Wasu sun ce ƙarya ce irin tasa. Wasu sun ce ko gaskiya ce, shuka ta fi.

Azahar ta yi. Akuyar nan ta zo ta zaɓi tabarmar tsakiya ta kwanta tana tuƙa. Hafsatu ta miƙe ta kakkaɓe zane.

"Ni na tahi in ɗora tukunya. In an zo jana'iza ka aiko."

Ya rage shi kaɗai, zufa na bin bayansa. Abin ya yi masa ciwo ƙwarai. Shi da ya tsayar da garin nan kaf a gaban bene, a ce ko mutum ɗaya bai tako ba?

Da la'asar sai ya ji ƙarar amalanke. Ransa ya yi fari. Ko ba komai, ga mai gaisuwa ɗaya. Ya leƙa ta tagar jirgi. Isiyaku ne, da jaki, da buhunan wake an jera su har sama.

Isiyaku ya tsallake tabarmi, ya tsallake akuya. Ya shigo ya ɗauki kujerar roba ya cilla waje. Ya bi ta da fure. Ya koma ya saɓo buhun farko a kafaɗa, ya nufo labule. Mutumin ya yi wuf ya fito, kyamara na lilo a wuya.

"Yaya, ni ne. Ina raye. Dube ni, ga ni tsaye. Salla ma saura kwana biyu."

Isiyaku bai sauke buhu ba. Ya zaro wayarsa da hannu ɗaya, ya dubi hoton, ya dubi ƙanensa, ya sake duban hoton.

"Kai ka ce mini abin da anka gani cikin waya shi ne gaskiya. Allah shi jiƙan ka. Matsa in aje buhu."